Daidaito Da 'Yanci Da Ladabin Zaman Tare: Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kudu



Akwai ƙorafi iri biyu da ake yawan ji a zangunan Kudu, tun daga Agege da Obalende a Ikko, har Sabo ta Badun da unguwannin Hausawa na Anacha da Fatakwal. Dattawa suna cewa tun da siyasa ta shigo yaro ya daina ganin girman babba, kowa ya zama daidai da kowa. Samari kuwa cewa suke yi an yi zaɓe an sake yi, amma ƙuri'a ba ta hana a rushe wa mutum rumfa ba, ba ta kuma hana a tare shi a hanya don ganin rigarsa kawai ba. Jawabin yau zai duba maganganun nan biyu tare, domin tushensu ɗaya ne, watau abin da daidaito yake yi wa jama'a idan ya shiga cikinsu. Za a ɗauko misali daga nesa, daga wani Bafaranshe da ya yi wannan bincike kusan shekara 200 da suka wuce, sa'an nan a dawo gida.

Sunan mutumin Alexis de Tocqueville, ana iya ce masa Tokabil don sauƙin faɗa. An haife shi a birnin Faris a 1805, a gidan sarauta na asali. Kafin haihuwarsa, juyin juya halin da ya soma a Faransa a 1789 ya rushe mulkin sarki da masu sarauta. An fille wa kakan mahaifiyarsa kai a 1794, mahaifansa biyu kuma sun yi watanni a kurkuku suna jiran nasu hukuncin kafin Allah ya kuɓutar da su. Saboda haka ya tashi da sanin cewa zamanin gidansu ya wuce, abin da ya dame shi kuwa shi ne irin zamanin da zai maye gurbinsa.

A watan Mayu na 1831, yana ƙaramin alƙali ɗan shekara 25, ya sauka Amurka tare da abokinsa Gustave de Beaumont. Gwamnatinsu ta ba su izni ne su duba yadda ake tafiyar da gidajen kurkuku, amma suka yi wata tara suna zagaya ƙasar, wadda a lokacin tana da jihohi 24 da mutane kusan miliyan 13. Sun zanta da manoma da lauyoyi da fursunoni, har da shugaban ƙasa Andrew Jackson. Da ya koma gida ya rubuta littafinsa a kan dimokuraɗiyya a Amurka, kashi na farko ya fito a 1835, na biyu a 1840, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne yadda mutanen suke kusan daidai da juna a matsayi. Akwai mai kuɗi, akwai matalauci, amma babu gidan da aka ce shi aka haifa don mulki. Da ya bi sawun dalili sai ya tarar da shi a dokar gado. A Ingila babban ɗa ne yake gaje ƙasar gidan gaba ɗaya, don haka gida ɗaya yakan riƙe gonaki da iko shekaru ɗaruruwa. A Amurka kuwa an soke wannan doka, ana raba dukiya tsakanin 'ya'ya, kafin a kai ga jikoki babbar gona ta zama ƙanana. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, domin ya sha ganin yadda rabon gado yake mayar da jikan attajiri ɗan tireda. Bambancin shi ne, a ƙasar Hausa dukiya tana rabuwa amma sarauta ba ta rabuwa, tana nan cikin gida ɗaya, kuma a zamanin En'e ita ce take riƙe da kotu da ɗan doka da gidan yari.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan daidaito. Fararen fata maza kaɗai ya shafa. A cikin miliyan 13 ɗin nan akwai bayi baƙar fata kimanin miliyan 2, waɗanda ba a 'yanta su duka ba sai 1865, jikokinsu kuma ba su sami cikakkiyar damar zaɓe a kudancin ƙasar ba sai 1965. Mata ba su sami ƙuri'a a duk ƙasar ba sai 1920. A watan Disamba na 1831 Tokabil ya ga 'yan ƙabilar Choctaw, masu ƙasar na asali, ana tsallakar da su kogin Mississippi cikin tsananin sanyi bayan an raba su da ƙasarsu, kuma ya rubuta abin da ya gani bai ɓoye ba. Shi kansa ba waliyyi ba ne: ya goyi bayan mamayar da Faransa ta yi wa Aljeriya, har ya kare ƙone amfanin gonar mutanenta. Sai a ɗauki abin da ya gani daidai, a bar masa sauran.

To, me daidaito ya yi wa ladabi? Tokabil ya ba da misalin Ingilishi biyu da suka haɗu a wata ƙasa mai nisa. Maimakon su yi murna, sai kowa ya riƙa satar kallon ɗan'uwansa yana ja da baya, don tsoron kada ya saki jiki da wanda bai kai shi asali ba. Amurkawa biyu kuwa in suka haɗu a waje, nan take sun zama abokai. Ya lura cewa gaisuwarsu ba ta da ado irin na fada, amma abin da ke bakin mutum ya fi kusa da abin da ke zuciyarsa. Tsakanin ubangida da bara ma ya ga canji. A Turai bara yakan gaji ubangidansa daga mahaifinsa, ya mutu yana ganin kansa wani yanki na gidan. A Amurka yarjejeniya ce ta haɗa su: cikin aiki wannan yana ba da umarni wancan yana bi, da an tashi aiki su biyun 'yan ƙasa ne, kuma baran yau yana iya zama ubangida gobe. A cikin gida kuma ya ga tsoron uba ya ragu, amma shaƙuwa tsakanin uba da ɗa ta ƙaru.

Darajar aiki ita ma ta canja. Da yake bin kogin Ohio cikin jirgin ruwa, ya kwatanta gaɓa biyu. A hagu Jihar Kentucky ce, inda ake bauta, can aikin hannu abin kunya ne ga ɗa, gonaki kuma sun yi kwance. A dama Jihar Ohio ce, inda babu bauta, kowa yana aiki, ƙasa tana ta bunƙasa. Ɗan ci-rani ya san wannan a jikinsa. A gida akwai sana'ar gado, akwai kuma wadda ɗan babban gida yake jin kunyar a gan shi yana yi. Da an sauka tashar Mile 12 ko kasuwar Bodija sai a ga ɗan malami da ɗan mahauci da ɗan mai unguwa suna dakon buhu ɗaya, suna cin abinci a kwano ɗaya, babu mai tambayar wani gidan su wa ya fito. Baƙunci ya daidaita su tun kafin doka ta yi magana.

Daidaiton nan ya cim ma Tokabil har ƙofar gida. A ranar 23 ga Afrilu 1848 aka yi zaɓe a Faransa wanda kowane namiji baligi yake da ƙuri'a. Mazan ƙauyensu, kimanin 170, suka jeru biyu-biyu bisa jerin haruffan sunayensu, suka tafi garin da akwatin yake a ƙafa. Shi da kakanninsa suka mallaki ƙauyen, amma ya shiga layi a inda harafin sunansa ya ajiye shi.

Nijeriya ta Arewa ta bi ta wannan hanya a gaban idon iyayen masu sauraro. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin abubuwan da aka san 'ya'yanta da su har da ƙin faɗuwa da cire takalmi a gaban hakimai da ma'aikatan En'e, abin da ya jawo wa da yawansu ɗauri da bulala. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba, sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, kana suka shiga babban zaɓe a 1979. A wannan shekara ce kuma ƙasar ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Yau hakimi da mai gadinsa layi ɗaya suke bi ranar zaɓe, ƙuri'ar kowannensu kuma ɗaya ake ƙirga ta.

A nan ne amsar ƙorafin dattawa take. Durƙuso iri biyu ne. Akwai wanda yaro yake yi wa mahaifinsa da malaminsa da duk mai furfura, wannan tarbiyya ce, kuma babu dokar zaɓe da ta soke shi. Akwai kuma wanda talaka yake yi don tsoron ɗan doka, wannan shi ne ya tafi, kuma ba abin kuka ba ne. Gaskiyar dattawa ita ce wasu samari sun haɗa biyun sun zubar. Amma daidaito yana da nasa ladabin, kuma ya fi na da wuya, domin ana bin kowa da shi: attajiri ya bi layi, shugaba ya saurari mai adawa da shi har ya gama magana, wanda ya faɗi zaɓe ya yarda ya faɗi, kuma a gai da mai dako kamar yadda ake gai da mai kaya.

Saura ƙorafin samari, wanda ya fi nauyi. Tokabil ya yi gargaɗi cewa daidaito da 'yanci ba tagwaye ba ne, ana iya samun na farko a rasa na biyu, kuma mutane sun fi ƙaunar daidaito domin daɗinsa a kusa yake. Ya nuna hanyoyi uku da 'yanci yake salwanta.

Ta farko ita ce halin kowa tasa ta fisshe shi. Idan igiyar da ta ɗaure bara da ubangida ta tsinke, mutum yakan ja jikinsa ya koma ga iyalinsa da 'yan abokansa, ya bar sha'anin jama'a ga wanda ya ga dama. A tsohon tsari talaka yana da ubangidan da zai tsaya masa, ko da kuwa da ƙasƙanci. A sabon tsari ya sami mutunci, amma in bai yi hankali ba sai ya wayi gari shi kaɗai.

Ta biyu ita ce zaluncin masu rinjaye. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, sai dai sarkin yawa ma yana zalunci. A 1812, a birnin Baltimore, wata jarida ta soki yaƙin da Amurka take yi da Ingila, alhali jama'ar gari suna son yaƙin. Taron mutane ya farfasa maɗaba'ar. Aka kira dakarun gari, suka ƙi fitowa. Aka kai masu jaridar kurkuku don a tsare rayukansu, da dare aka fasa kurkukun aka kashe ɗaya, aka bar sauran a kan sun mutu, kuma da aka je kotu aka sallami masu laifin. A Jihar Pennsylvania kuma aka shaida wa Tokabil cewa baƙar fata 'yantattu suna da ikon zaɓe a doka, amma ba sa zuwa rumfar don tsoron duka. A 1838 aka ƙwace ikon ma gaba ɗaya.

Ta uku ita ce hukumar da take zama makiyayi, jama'a su zama garke. Ba ta dukan kowa, tana ciyarwa tana shayarwa, tana yanke kowace shawara, har mutane su manta yadda ake yin abu da kai. Ya ga kusan haka da idonsa. A Disamba 1848 Faransawa suka zaɓi Louis Napoleon, ɗan ƙanen Napoleon na farko, da kimanin kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u. A Disamba 1851 ya rushe majalisa, ya kama wakilai fiye da 200, har da Tokabil, jama'a kuma suka amince masa da ƙuri'a fiye da miliyan 7. Bayan shekara ɗaya ya naɗa kansa sarki.

Me ya kare Amurkawan wancan zamani daga wannan? Tokabil ya sami amsar a ƙananan wurare. A jihohin arewa maso gabas kowane gari mai mutum dubu biyu ko uku yana tafiyar da kansa. Ana zaɓen wakilai uku zuwa tara kowace shekara, da sauran ma'aikata kamar mai tara haraji da mai kula da hanya da mai kula da matalauta, wanda aka zaɓa ya ƙi kuma a ci shi tara. In za a gina makaranta sai a tara mutanen gari, a faɗi kuɗin da za ta ci da wurin da za a kafa ta, su amince su aza wa kansu harajin. A kotu kuma mutum 12 daga cikin jama'a suke zama su yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi, don haka manomi yakan koyi shari'a ta hanyar yin ta.

Sama da duka akwai ƙungiyoyi. Da ya ji cewa mutum 100,000 sun haɗu sun yi alkawarin daina shan giya, da farko ya ɗauka wasa ne, yana mamakin me ya hana kowa ya sha ruwansa a gida. Daga baya ya gane dalili. Inda akwai masu sarauta, mutum ɗaya mai girma ya isa ya ja jama'a. Inda kowa daidai yake da kowa, kowa ƙarami ne, sai an haɗu ake zama babba. Ya lura kuma cewa Amurkawa ba sa cewa don tsarkin zuciya suke taimakon juna, sun yarda amfanin kansu suke nema, sai dai sun fahimci amfanin mutum yana ɗaure da na maƙwabcinsa. Wannan shi ne cuɗe ni in cuɗe ka.

Yanzu a dawo kan ɗan Arewa mazaunin Kudu. Doka tana gefensa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasar, sashe na 40 ya ba shi ikon kafa ƙungiya, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Dokar zaɓe ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune ko yake aiki, ya kuma mayar da rajistarsa can in ya ƙaura. Tarihi ma yana gefensa: a shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani falken shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Bai kai can ba sai da ya shiga jam'iyyar garin, ya yi aiki tare da masu garin.

Amma misalin Pennsylvania ya nuna cewa ikon da ba a amfani da shi yana iya zama takarda kawai. An kafa Sabo ta Badun tun 1916, akwai gidajen da aka haifi kaka da jika a cikinta, duk da haka da yawa suna ɗaukar kansu baƙi, in zaɓe ya matso su hau mota su tafi Arewa, ko su kulle ƙofa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista a Nijeriya, kimanin miliyan 25 kawai suka fito. A 2020 da 2022 gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi. Ko matakin daidai ne ko kuskure, ɗan siyasa yakan fi jin kukan wanda yake da ƙuri'a a mazaɓarsa.

Ƙungiyoyi kam akwai su: na 'yan goro, na mahauta, na dillalan shanu, na 'yan gwari, na 'yan canji, ga adashin mata, ga kwamitin masallaci. An ga nauyinsu a 2021. A watan Fabrairu wata 'yar hatsaniya a kasuwar Shasha ta Badun ta zama rikici, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna. Bayan haka haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, farashin tumatir da albasa ya tashi a Ikko, hukuma ta nemi sulhu. Sai dai manoman Arewa ma sun yi asara, kuma wanda ya mutu bai dawo ba. Ƙungiya ta fi amfani kafin wuta ta tashi.

Saboda haka akwai ayyuka a gaban jama'a. Ƙungiyar da shugabanta ba ya sauka, ba a karanta lissafin kuɗinta a bainar 'ya'yanta, ba ta koya wa kowa komai, ta zama wata ƙaramar En'e. A sa wa'adi, a yi zaɓe, a karanta lissafi, a bar ƙaramin ɗan ƙungiya da mata su yi magana. Sarkin Hausawa uba ne, girmansa yana nan, amma bai kamata a bar masa dukan kaya shi kaɗai ba. Wanda ya zauna a gari ya yi rajistar zaɓe a garin, ya san sunan kansilansa, ya halarci taron masu gidaje da mazauna unguwa, da taron iyayen yara a makaranta, ya fito ranar gyaran kwata tare da Bayarabe da Inyamuri da duk wanda suke shan ruwan famfo ɗaya. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma a Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Kuɗin ba za su tsare kansu ba sai mazauna wurin sun sa ido.

Abu na ƙarshe ya shafi gida. Wanda yake cikin marasa rinjaye a Anacha, danginsa ne masu rinjaye a Kano da Zariya, inda ɗan Kudu yake zaune a Sabon Gari da irin fargabar da ɗan Arewa ya sani a nan. Babu wanda ya fi ɗan ci-rani cancantar ya bayyana wa mutanen gida yadda zaluncin sarkin yawa yake, domin ya ɗanɗana shi. Idan ya je gida da sallah ko da damina, ya tafi da wannan magana tare da tsaraba.

Allah ya ba ƙasa zaman lafiya, ya sa albarka a neman kowa, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalamu alaikum.